Shekarar da Babana Ya Yi Gadin Kacala

A garinmu, idan ka bi ta ƙofar masallaci da hantsi, za ka tarar da tsofaffi jere a kan dakali suna shan rana. Tun ina yaro nake ganinsu a wurin, fuskokin ne kawai ke canzawa. A shekarar da zan ba da labarinta su tara ne. Na taɓa tsayawa na ƙare musu kallo ɗaya bayan ɗaya, ban sami mai cikakkiyar lafiya ko guda ba. Biyu ba sa gani. Ɗaya ɓarin jikinsa ya shanye, yawu na zuba ana goge masa da bakin rawaninsa. Akwai wanda hannunsa ke karkarwa har ba ya iya kai kofin kunu bakinsa, akwai mai ciwon fitsari da kowa ke ɗan matsawa daga gefensa ba tare da an ce uffan ba. Sauran kuwa gwiwa ce da baya, ladan shekarun da suka yi tsaye a cikin ruwan fadama. Babu wanda ya taɓa kiran wannan cuta. Magana ɗaya muke da ita mai rufe duka: tsufa ne. Da an faɗe ta an gama, ba zancen asibiti, ba wata tambaya.

Babana yana cikin biyun da ba sa gani. Yanar ido ce ta rufe masa gani sannu a hankali. Da farko ya daina gane mutum daga nesa, daga baya ya daina gane shi a kusa, har ƙwayar idon ta koma fari kamar an ɗiga mata nono. Mu biyu ne 'ya'yansa maza, ni da yayana. Yayana ba ya son noma tun fil azal, ni kuwa malamin firamare ne a ƙauyen da ke gaba da namu. Wato ni ne mai ilimin gidan, kuma ni na fi kowa saurin cewa tsufa ne. Innarmu tana raye a lokacin, amma gwiwoyinta sun riƙe, da jan gindi take zuwa bakin murhu.

Duk abin da Baba ya mallaka a duniya gonar shinkafa ce a fadama, a bakin wani reshe na kogin Haɗeja. Ba ya shuka sabon irin nan gajere da kowa ya koma wa. Nasa irin na gado ne, ja, mai dogon kara, mai gashi a bakin kowace ƙwaya, wadda idan ruwa ya taso sai ta yi ta tashi tare da shi. Sauran kuwa yana kiransu shinkafar masu inji, yana faɗa yana taɓe baki. Mutum ne mai faɗa da tsare gida, bai taɓa yabon aikin hannuna ba. Yakan kama tafina ya shafa ya ce, "Malam, hannun nan naka ko kaza ba zai iya fige wa ba." Haka yake kirana, Malam, kuma ban taɓa jin girmamawa a ciki ba.

Da idon ya tafi gaba ɗaya, wani ɗan kasuwa daga Haɗeja ya fara zagaye gonar. Yana saye gonakin bakin ruwa yana kafa injin ban-ruwa. Yayana na son adaidaita ya shiga gari ya yi haya, ni kuma na gaji da tafiyar ƙasa zuwa makaranta. Muka zauna muka gaya wa juna abin da muke son ji: tsoho ba ya gani, gona za ta koma saura, gado ne dai namu ko yau ko gobe. Bulama ya ce shi ba zai zama shaida ba sai ya ga yatsan mai gona a kan takarda. To, yatsa ai ba shi da wuyar samu a wurin makaho.

Ni na kai masa takardar. Yana zaune a zaure yana jan carbi, na durƙusa na ce ana rubuta sunayen manoman da za a ba takin zamani, sai ya dangwala.

"Gonata ba ta cin taki," in ji shi. "Ruwa ke kawo mata abincinta."

"Baba, ko ba ka so ai sai mu ba wani. Dangwalawa ce kawai."

"Karanta min."

Na karanta masa. Na ƙirƙiro layi uku masu daɗi, har da gaisuwa a farko da fatan alheri a ƙarshe. Ya miƙo min babban yatsansa na dama, na kama shi na danna a tawada, na danna a takarda. Bayan na gama har na sa bakin rigata na goge masa yatsan. Yayana ya sayi adaidaitarsa ya koma Haɗeja. Ni na sayi babur, na ce wa Baba na wani abokin aikina ne yake ara min.

Da damina ta faɗi, Baba ya sa aka fito da buhun irinsa daga rumbu, ya zura hannu ya gwada, ya ce a kai wa 'yan ƙwadago su watsa. Na ɗora buhun a babur na kai wa masu turara shinkafa a kasuwa. Inna ta gane, don ba ta ga taɓo a ƙafata ba ko sau ɗaya a daminar. Ta kira ni ɗaki ta ce, "Ku ji tsoron Allah, kai da yayanka." Sau ɗaya ta faɗa. Ba ta ƙara ba, don ta san hannun da ke kawo mata hatsi da man zafin gwiwa.

Wata uku muka yi lafiya. Yana tambaya, ina ba shi labarin gona: ruwa ya shiga, ta yi kore, ta fara ciki. Sai ga wata asuba garken tsuntsayen jan-baki ya ratsa ta saman gidanmu. Wanda bai taɓa ji ba zai zaci iskar hadari ce. Baba ya miƙe tsaye a kan buzun sallarsa ya ce, "Tsuntsu ya sauka. Wa ke gadi?"

Korar tsuntsu aikin kwana arba'in ne, daga lokacin da ƙwaya ta yi ruwan nono har a yanke. Ana kafa turaku a faɗin gona, a ja igiyoyi, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, duka su haɗu a igiya guda da ke zuwa hannun mai gadi a kan wata rumfa mai tsayi. Tsuntsu na sauka sai ya fizga, gona ta ɗauki ƙara. Baba ya ce wannan aikin ba ya buƙatar ido, kunne yake so, kuma kunnensa ya fi na kowa a gidan. Na ce ya yi haƙuri, na sa mutane. Washegari aka tsinto shi a hanyar fadama da sandarsa, ya yi rabin tafiya shi kaɗai. Ƙafarsa ta san hanyar. Da ya ƙarasa zai ji kukan inji da muryoyin baƙi a gonarsa, asirinmu ya tonu.

Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa yayana ba. Can gabas da gari akwai wani kwari da kacala ta cinye. Ciyawa ce doguwa da ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyoyin ruwa, ba a noma wurin, ba a kamun kifi, ko saniya ba ta cinta. Kuma a cikinta jan-baki ke kwana. Na sa aka kafa rumfa a bakin kwarin, a cikin ruwa iya gwiwa. Na ja igiyoyi uku, na rataya gwangwanayen madara da na tumatir. Sannan na je na ce, "Baba, ka yi gaskiya, ba wanda zai tsare gonar nan kamarka. Amma tsohuwar hanya ruwa ya cinye, sai mun zagaya ta kan jinga da babur."

Kullum bayan sallar asuba nakan ɗora shi a baya, in yi ta zagaye da shi har in tabbatar lissafin hanya ya ɓace masa. In kai shi, in hau da shi, in damƙa masa igiya da gorar fura da buta. Sannan in ɗauke tsanin in jingine shi can nesa, wai don kada ya sauko ya faɗa ruwa. Gaskiyar ita ce don kada ya sauko ya taɓa. A kan rumfar yake sallar azahar da la'asar a zaune, a gefenta yake biyan buƙatarsa. Sai rana ta yi ja nake dawowa in sauko da shi.

Ya yi aiki, wallahi ya yi aiki. Tsuntsu a wurin ba ya ƙarewa, tunda gidansa ne. Daga nesa kana jin muryar tsohon yana "Haa! Kai! Haa!" gwangwanaye na amsawa. Cikin mako guda muryarsa ta dishe, igiya ta yanke masa tafin hannu, Inna ta ɗaure masa da tsumma. Gari duka ya sani. Masu wucewa zuwa kamun kifi ko gona sukan ɗaga murya su ce, "Sannu da aiki, Baba! Bana kam shinkafa ta yi!" Ya amsa da "Alhamdu lillahi," su wuce suna toshe baki. Na sha ganin magidanta da furfura a gemu suna zunguran juna. Ban taɓa hana kowa ba, gaisuwar tasu tana taya ni aiki.

Abin da ya fi ci min rai yanzu shi ne, a waɗannan makonni ne na ga Baba cikin farin cikin da rabona da gani tun idonsa na buɗe. Ya dawo cin tuwo malmala biyu. Ya daina zaman dakali sai ranar Juma'a, in ya je kuwa har gori yake wa sauran, wai su sun zama kayan shanya. Ni ma na sami abin faɗa wa kaina: ai taimakonsa nake yi, ga shi nan ya murmure.

Amma manomi manomi ne. Wata yamma ina sauko da shi ya ce, "Malam, bana ban ji ƙamshin fure ba. Shinkafa in ta yi fure tun daga hanya ake jinta."

"Ƙamshi ya cika wurin, Baba. Hancin ne. Tsufa ne."

Bayan kwana biyu ya ce iskar ba ta yin kukan da ya sani, wannan kaushi gare ta kamar ana jan tabarma. Na ce kunnen ne ya fara. Ya ce ruwan na warin kwantai, nasa kuwa mai gudu ne. Na ce bana haka ruwan ya zo ko'ina. Duk abin da ya ji daidai, sai in mayar masa da shi a matsayin wata sabuwar gaɓa da ta mutu a jikinsa. Yakan gyaɗa kai, ya ce, "Ikon Allah. Ɗaya bayan ɗaya suke tafiya."

Mutum ɗaya ne bai shiga wasan ba. Baba na da amini tun suna yara, tsohon masunci, muna ce masa Baffa. Shi kunnensa ne ya mutu murus, amma idonsa ko allura ta faɗi a rairayi zai tsinta. A dakali kusa da juna suke zama, Baffa na gaya masa wanda ke tahowa, Baba na taɓa masa gwiwa in an kira salla. Wata rana Baffa ya ja ƙafa har kwarin, ya tsaya a bakin ruwa ya ga abin da ake yi. Kurma ba ya sanin ƙarfin muryarsa, don haka abin da ya faɗa har masu wanki a can ƙetare sun ji.

Da na je ɗaukar Baba na tarar igiyar a kwance a cinyarsa, tsuntsu na ta shawagi bai kula ba.

"Baffanka ya zo," ya ce. "Wai kacala nake gadi. Wai babu ko ƙwayar shinkafa a gabana."

Bakina bai yi gardama ba. Na sauke murya irin ta mai kawo labarin rasuwa. "Baba, da ma ba mu so ka ji ba. Baffa ya fara gigin tsufa. Shekaranjiya raka'a shida ya yi a azahar. Jiya kuma ya kira surukarsa da sunan marigayiya matarsa. 'Ya'yansa ɓoyewa suke yi."

Sai na ga hawaye na fitowa daga fararen idanun nan, yana bin ramukan kumatunsa. "Wayyo aminina," ya ce. "Mutumin da ke gane kifi daga motsin ruwa." Ya yi masa addu'a mai tsawo, ni ina cewa amin. Ranar Juma'a da Baffa ya sake kama hannunsa yana ɗaga murya, Baba ya dinga shafa masa baya yana cewa, "To, to, na ji, Allah ya sawwaƙe." Baffa ya dube ni ta saman kan Baba. Sauran tsofaffin kowa ya sunkuyar da kai. Duk sun sani, amma kowannensu akwai ɗan da ke ɗauko shi ya ajiye a dakalin nan ya dawo ya ɗauke shi, kuma ba wanda ke son a manta da shi a rana.

Kwana arba'in suka cika. A gidanmu akwai abin da ba a taɓa tsallakewa ba: ba mai sa lauje a gona sai Baba ya yanki damƙar farko da hannunsa, ya yi bisimilla, ya murje ta a tafi, ya tauna, sannan a aika da sauran damƙar gidan Baffa. Haka ubansa ya yi da nasa aminin. Na yi ta kawo dalilai, ya ce ko a kan gadon mutuwa yake sai an kai shi. Ya sa Inna ta ɗauko laujensa, ya zauna ya wasa shi da kansa yana gwada kaifin da farce.

Na ga ai abu ne mai sauƙi. Da sassafe na je tsohuwar gonarmu, inda 'yan ƙwadagon ɗan kasuwar suka fara yanka, na roƙi runguma guda. Na kawo kwarin na share wani ɗan fili a gindin rumfa, na caccake karan a cikin taɓo, tsibi-tsibi, na jera su kamar shuka. Na ja baya na duba, har na yaba wa kaina. A tunanina makaho kan shinkafa zai shafa ya yanka. Da na taɓa yin yankan kwana ɗaya a rayuwata, da na san mai yanka ƙasa yake kamawa, ya ja damƙar zuwa jikinsa ta yi tauri, sannan ya sa lauje.

Na kawo shi na tsayar da shi a cikin ruwan. Ya naɗe wando, ya sunkuya da ƙyar, ya lalubo tsibin farko da hagu. Ya yi bisimilla, ya ja. Damƙar ta taho gaba ɗaya ba wata gardama, har ya yi taga-taga zai faɗi ta baya.

Ya tsaya da ita a hannu. Ya bi gindin karan da babban yatsa, ya ji babu saiwa, ya ji sharɓen laujen wani. Ya bi karan zuwa sama, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Ya shafa ƙwayar, sumul, ba gashi.

"Shinkafar masu inji," ya faɗa a hankali.

Ya sake ta a ruwa. Ya miƙa hannu biyu gaba ya fara tafiya, laujen na rataye a yatsunsa. Taku huɗu ya yi ya shiga kacala. Na ga hannunsa na bin ganyen sama, sama, har ya wuce kansa. Ya kamo kan guda ya murje, ya fashe ya zama auduga, iska ta watsa masa a fuska da gemu. Ya matsa dama, ita ce. Ya matsa hagu, ita ce. Gwangwanin da ke rataye ya taɓa masa kafaɗa ya yi ƙara.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Takardar takin nan."

"Eh."

"Kai ka karanta min ita."

Na sunkuyar da kai.

"Baffanka fa?"

"Lafiyarsa ƙalau."

Ya gyaɗa kai. Na matsa zan kama hannunsa in kai shi ga babur, sai ya ce, "Shi ma babur ɗin?" Ya janye hannunsa. Ya ce in ba shi sandarsa, in juya fuskarsa wajen gari, in kuma na ƙara taɓa shi bai yafe ba.

Tafiyar da babur ke yi a ɗan lokaci ita muka yi har rana ta take. Yana gaba yana lalube, ina baya ina tura babur. Sau uku yana faɗuwa, sau uku ina tsaye ina kallo yana tashi da kansa. Muka shigo gari jikinsa duk taɓo, audugar kacala a gemunsa. Bai nufi gida ba, dakali ya nufa. Ya bi gwiwoyin tsofaffin yana shafawa har ya kai ga ta Baffa, ya durƙusa a ƙasa a gabansa. Da yake kurma zai gaya wa, dole ya ɗaga disasshiyar muryar nan iya ƙarfinsa.

"Ka yi gaskiya! Kacala ce! Ɗana ya ce ka haukace, na yarda! Ka yafe min!"

Duk unguwar ta ji, har matan da ke cikin gidaje. Baffa ne kaɗai bai ji ba. Ya dai kama kan Baba da hannu biyu yana cire masa audugar daga gemu ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar Baba bai ƙara kirana Malam ba, bai kuma kira ni da wani abu ba. Bai zage ni ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. In na miƙa masa ruwa sai ya shinshina. In na ce masa an kira salla sai ya jira ya ji daga bakin wani. Yayana ya zo daga Haɗeja da lemo da tsire, ya durƙusa yana ba da haƙuri, Baba ya tambayi Inna ko waye wannan baƙon.

Bayan sallar layya wani abokin aikina ya gaya min an cire wa mahaifiyarsa yanar ido a asibiti a Haɗeja, aikin da bai kai tsawon sallar Juma'a ba, ga ta nan har tana tsince tsakuwa a shinkafa. Na tsaya ina kallonsa kamar wawa. Shekara da shekaru ina koya wa yara sassan jikin ɗan Adam a allo, ban taɓa tambayar ko farin da ke idon ubana yana fita ba. Na ga wata ƙofa ta buɗe min. Na ce in ya gani, ko bai yafe ba, na dai mayar masa da wani abu.

Inna ce ta shawo kansa, da kuka da magiya. Muka ɗauki mota, da Baffa a gefensa, don ya ce ba zai je ko'ina ba sai da idon da ya yarda da shi. Harabar asibitin cike take da tsofaffi, a kan benci, a ƙasa, a gindin bishiya, kowanne da mai jansa. Dakalin garinmu ne aka ninka ba iyaka. Da layi ya zo kanmu likita ya haska masa fitila a ido, ya ce duka biyun za su gyaru, ƙwayar lafiyarta ƙalau, yanar ce kawai. Har ya tambaye ni me ya sa muka bari ta daɗe haka. Na ce mun zaci tsufa ne.

Sai wata ma'aikaciyar jinya ta zo da takarda da ɗan akwatin tawada. Ta ce, "Baba, kawo yatsanka ka dangwala a nan, shaidar ka yarda a yi maka aiki."

Na ga hannunsa na dama ya dunƙule, babban yatsan a ciki.

"Me aka rubuta?"

Ta karanta masa tsaf, da haƙuri, layi bayan layi.

"Kin iya karatu, 'yata," ya ce. "Ɗana ma ya iya. Ya taɓa karanta min wata, ta fi wannan daɗi."

Ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta ce to ai ga amininsa nan mai ido, ya duba masa. Baffa ya karɓi takardar ya jujjuya ta, bai taɓa shiga aji ba, bai ma ji abin da ake tambayarsa ba. Likita ya dawo ya ce ni ma zan iya sa hannu a madadinsa, amma aikin a farke ake yinsa, sai mutum ya kwanta da yardarsa bai motsa ba. Na durƙusa a gaban mutane na rantse masa da Allah, na rantse da kabarin kakana, na ce wannan karon gaskiya ce. Ina kuka ina faɗa.

"Wancan karon ma ka ce gaskiya ce," in ji shi. "Gona kun sayar. Yanzu me ya rage, idon?"

Ya cusa hannun a hammatarsa ya matse. Ma'aikaciyar ta jira iya jiranta, sannan ta rufe akwatin tawadar ta kira na gaba. Wata tsohuwa ta taso da jikarta, ta dangwala ba ta ko tambaya ba.

Baba ya ƙara shekara biyar a duhu. Na sake gwadawa ta bakin liman, ta bakin Inna kafin ta rasu, ta bakin wanda aka yi wa aikin ya dawo yana gani. Amsarsa ɗaya ce, a ɗaura wa wani gwangwanin. Ya koma dakali, Baffa ke jansa zuwa da dawowa, har shi ma Baffan ƙafa ta gagare shi.

Ranar da Baba ya rasu ni na zuba ruwa, wani dattijo mai wankan gawa yana wankewa. Da aka zo alwala ya buɗe hannun hagu ba wuya. Na dama kuwa a dunƙule yake, babban yatsan a ciki, ya yi ta fama ya ƙi buɗuwa. Ya ga yadda nake kallon hannun, sai ya so ya kwantar min da hankali.

"Kada ka damu, Malam," ya ce. "Haka da yawansu ke tafiya. Tsufa ne."

Ban musa masa ba. Na ci gaba da zuba ruwa.